Kowace Gaisuwa da Abokiyar Tafiyarta: Ladabin Amsa Gaisuwa a Larabcin Yau da Kullum

Gabatarwa

A shagon aski na Alƙahira ko Dimashƙu, idan wanzami ya gama, ya karkaɗe gashi daga wuyan mutum, ya riƙe masa madubi ta ƙeya don ya ga aiki, kalma ɗaya yake faɗa: na'iman. Fatan ni'ima ce ga wanda ya yi aski ko ya fito daga wanka. Duk masu jiran layi sun san abin da zai biyo baya, har yaron da ke share gashi a ƙasa: Allah yin'im alaik, wato Allah ya yi maka ni'ima. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Damagaram, wanda ya haddace Ajurumiyya ya kuma yi nisa a Alfiyyar Ibn Malik, zai iya yi wa na'iman li'irabi tsaf, ya faɗi dalilin fatahar da ke ƙarshenta. Amma a kan kujerar wanzami, abin da yakan kuɓuce masa shi ne shukran. Ba wanda zai ce ya yi laifi. Wanzami zai karɓi kuɗinsa da murmushi, ya dai gane baƙo ne.

A kan wannan ɗan giɓi takardar nan ta tsaya. Hujjarta ita ce, a Larabcin yau da kullum kowace gaisuwa tana tafe da amsarta, sananniya, wadda mai gaisuwar yake jira, kuma amsar takan yi daidai da gaisuwar ko ta fi ta nauyi. Akwai tsari a yadda ake gina ta, kuma wanda ya gane tsarin yana iya amsa gaisuwar da bai taɓa ji ba. Batun kuwa ya wuce na 'yan aji. A 2023 kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa alhazan Nijeriya, ban da masu Umra, da 'yan kasuwar Jidda da Dubai, da ɗaliban Azhar da Madina, da marasa lafiyar da ake kaiwa asibitocin Masar. Kowane ɗayansu, kafin a yi ciniki da shi ko a duba takardunsa, sai an gaishe shi.

Tushen ƙa'idar

Aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ita ta umarci wanda aka gaisar ya mayar da gaisuwa mafi kyau, ko kuwa irinta. Malaman fiƙihu suka gina hukunci a kai, kuma duk wanda ya sauke Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya ci karo da shi: fara sallama sunna ce, amsa ta wajibi ce, idan kuma jama'a aka yi wa, amsar mutum ɗaya ta ɗauke wa saura. Ke nan nauyin ya fi sauka a kan mai amsawa. Wanda bai yi sallama ba ya bar falala, wanda bai amsa ba shi ne ya bar wajibi.

Sallamar kanta hawa-hawa ce. A hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mutum uku sun shigo wurin Annabi (SAW) ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsaya a kan aminci aka ƙidaya masa lada goma, wanda ya ƙara da rahama ashirin, wanda ya kai ga albarka talatin. Saboda haka mai amsawa yana da matakin da zai taka ya ɗara abokinsa: an ce masa assalamu alaikum, ya ce wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Sai dai matakalar tana da ƙarshe. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutumin Yaman ya shigo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya yi cikakkiyar sallama, ya kuma ɗora wani abu a kanta. Ibn Abbas, wanda a lokacin ganinsa ya tafi, ya tambayi ko wane ne, sannan ya sanar da cewa sallama a kan albarka take tsayawa. Idan mai shigowa ya riga ya kai nan, sai a mayar masa da irin tasa.

A babin nan na Muwaɗɗa akwai wani labari da ya shafi tambayar lafiya. Umar ɗan Haɗɗabi ya amsa sallamar wani mutum, ya tambaye shi yadda yake, mutumin ya amsa da gode wa Allah, Umar ya ce abin da yake so ya ji daga gare shi ke nan. Har gobe, daga Rabat zuwa Maskat, alhamdu lillah ita kaɗai cikakkiyar amsa ce ga kaifa haluk. Mai lafiya yana faɗa, wanda ke kwance a asibiti ma yana faɗa. Muryar da jan kalmar su ke nuna wa mai tambaya ko ya ƙara bincikawa.

Abin da Ferguson ya lura da shi

Masanin harshe Ba'amurke Charles Ferguson, wanda aka fi sani da maƙalarsa ta 1959 kan zaman Larabcin littafi da na baki a al'umma ɗaya, ya yi shekaru yana sauraren yadda mutanen Sham ke gaisawa. A wata maƙala ta 1976 ya ba da labarin wani ɗan gwaji da ya yi a ofishinsa. Sakatariyarsa ta gaishe shi da safe, ya yi murmushi kawai bai amsa ba. Washegari ya sake. Kafin a je ko'ina ofis ya ɗauki zafi, abokan aiki na yi masa wani irin kallo, dole ya watsar da gwajin. Kalmar da ake ganin ba ta ɗauke da wani saƙo, ashe rashinta saƙo ne babba.

A wannan maƙala ya nuna cewa Larabawa sun shimfiɗa ƙa'idar “irinta ko fiye” a kan gaisuwar da ba sallama ba ce, ya kuma danganta hakan da ayar Suratun Nisa'i. Kiristocin Labanan da Kibɗawan Masar ma a kan wannan tsari suke gaisawa, da sunan Allah a bakinsu kamar maƙwabtansu Musulmi. Moshe Piamenta na Jami'ar Hebrew da ke Birnin Ƙudus ya cika littafi guda a 1979 da irin waɗannan kalmomi na addu'a da ke yawo a maganar yau da kullum.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ninkawa. A Sham idan aka ce marhaba, amsa ita ce marhabtain, maraba biyu. Ahlan ta zama ahlain. Mai son ya nuna ɗoki ya ce mit marhaba, maraba ɗari, mutumin Sudan kuma ya tarbi baƙonsa da hababak ashara, maraba goma. Ɗalibin nahawu zai gane musanna ne aka ɗauko aka sa shi aikin ladabi. Tsarin ya yi ƙarfin da har baƙuwar kalma ba ta tsira ba: a Bairut ana ce wa mutum bonjur da Faransanci, ya amsa da bonjuren. Abin ya yi kama da al'adar biki ta matan Hausawa, inda wadda aka kawo wa gudummawa ranar suna ba ta mayar da daidai abin da ta karɓa idan na ƙawarta ya zo, sai ta ninka.

Wani lokaci da siffar fifiko ake yin ƙarin. Wanda aka gabatar da shi ga baƙo a Alƙahira zai ji fursa sa'ida, an ji daɗin haɗuwa, ya ce ana as'ad, ni na fi jin daɗi. Da azumi a ce Ramadan karim, a amsa da Allahu akram, Allah ne mafi karamci.

Gaisuwar safe ta Masar ita ce filin da wannan tsere ya fi armashi. Sabahul khair, safiyar alheri, amsarta sabahun nur, safiyar haske. Haka ma masa'ul khair da masa'un nur da yamma. Wannan kowa ya sani, ita ce ta cikin littafi. Amma a tashar mota da gidan shayi ba a nan ake tsayawa ba. Direba ya ce safiyar haske, mai shayi ya ɗaga murya ya ce sabahul ward, safiyar wardi, wani ya ɗora da sabahul full, safiyar farin furen nan mai ƙamshi da yara ke sayarwa a sarƙe a bakin titi, na ƙarshe ya rufe da sabahul ishɗa, safiyar kirim ɗin madara, ko sabahul asal, safiyar zuma. A nan akwai tarko biyu. Na farko na matsayi ne: full da ishɗa na abokai ne da 'yan kasuwa, ɗalibi ba ya jefa wa shehin malaminsa su a farfajiyar jami'a, sai ya tsaya a kan haske. Na biyu na furuci ne. Full mai shadda fure ne, ful mai dogon wasali kuwa waken da Misirawa ke karyawa da shi ne. Wanda ya ja wasalin ya yi wa abokinsa fatan safiyar wake, kuma Misirawa, da yake ba su barin abin dariya ya wuce, sukan faɗi hakan da gangan. Bahaushe ba shi da uzuri a nan, tunda harshensa yana bambance gajeren wasali da dogo, yana kuma da baƙi mai nauyi.

Amsa daga saiwar kalma

Hanya ta biyu ita ce Ferguson ya keɓe wa maƙala guda tun 1967, kuma ita ce mafi amfani ga mai koyo. Yawancin kalmomin Larabci a kan saiwa mai baƙaƙe uku suke tsaye. Mai amsawa sai ya ciro baƙaƙen nan uku daga cikin gaisuwar da aka yi masa, ya gina aikatau da su, ya sa sunan Allah a gaba, ya mayar wa mai gaisuwar a matsayin addu'a. A na'iman akwai n, ', m, shi ya sa amsar ta fito yin'im. A mabruk, da ake faɗa wa ango ko wanda ya ci jarrabawa ko ya sayi sabuwar mota, akwai b, r, k, sai a ce Allah yibarik fik. Mai gida ya ce wa wanda ya sha ruwa hani'an, ya amsa da Allah yihannik. A Saudiyya ana tarbar baƙo da hayyakallah, ya ce Allah yihayyik. A Kuwaiti a ce wa mutum gawwakallah, Allah ya ƙarfafe ka, ya ce Allah yigawwik. Wanda ya tarar da leburori suna aiki a Amman, ko zai sauka daga tasi, ya ce ya'ɗikal afiya, wadda ta yi daidai da sannu da aiki, su ce Allah yi'afik.

Saiwar s, l, m ta fi kowace yawan aiki, domin amsa ɗaya tana biyan gaisuwa da dama. Matafiyi zai tashi aka ce masa ma'as salama. Ya dawo aka ce hamdillah alas salama. Mara lafiya aka ce masa salamtak. Uwar gida ta kawo abinci aka ce tislam idek, Allah ya kiyaye hannuwan nan. Aka ba mutum saƙon gaisuwa zuwa gida da sallim. Duka Allah yisallimak ta wadatar. A ta ƙarshen Misirawa kan ce yusal, zai isa, daidai da yadda ake cewa a gaida gida a amsa da za su ji. Idan mai koyo ba zai riƙe komai ba sai amsoshi biyu, to ya riƙe Allah yisallimak da Allah yibarik fik. A ganin mai wannan takarda, waɗannan biyun sun fi shukran amfani nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa shi ne, shukran rufe magana take yi. Tana nuna an karɓi abu an ajiye. Addu'ar da aka mayar kuwa tana nuna mai karɓa shi ma yana da abin bayarwa, ko da lebura ne a gaban attajiri. Shi ya sa ake jin Allah yibarik fik iri ɗaya a bakin farfesa da bakin ɗan dako. Sa'id Badawi, a littafinsa na 1973, ya kasa Larabcin Masar hawa biyar, daga na tsoffin littattafai zuwa na waɗanda ba su yi makaranta ba. Kalmomin gaisuwa suna cikin 'yan abubuwan da ke ratsa hawan nan duka. A cikinsu ne ma tanwini, wanda Larabcin birane ya zubar, ya sami mafaka: ahlan, shukran, afwan, na'iman, hani'an.

Sai a kula da ƙarshen kalma. Ga namiji yisallimak, ga mace yisallimik, ga jama'a yisallimkum. A Iraƙi da ƙasashen bakin Tekun Fasha harafin kaf na mace kan koma c, a ji shlonic a madadin shlonik. Turawa masu koyon Larabci suna shan wahala da wannan rabe-rabe. Wanda ya tashi da ka da ki da ku a bakinsa kuwa, abin gida ne.

Ture yabo, da raba addu'a

Ba kowace amsa ce take bin saiwa ko ninki ba. Idan gaisuwar yabo ce, ladabi shi ne a ture shi ya koma inda ya fito. Mai gida a Masar ya ce wa baƙo nawwartina, ka haskaka mana gida, baƙo ya ce da nurak, ai haskenka ne, ko ya ce minawwar bi ashabu, da masu shi gidan yake haske. An ce sharraftina, ka girmama mu, ya ce ash-sharaf lina, girman namu ne. Baƙon da ya amsa da godiya kawai ya amince ke nan cewa shi ne fitilar gidan. Ita kanta godiya ture ta ake yi: afwan, ko al-afw, ko la shukra ala wajib, ba a godiya a kan abin da ya zama dole.

Idan kuma fatan alheri ne, sai a jawo mai faɗa a sa shi ciki. Da dare a ce tisbah ala khair, a wayi gari lafiya, a amsa da wa inta min ahlu, kai ma kana cikin ma'abota alherin. Da salla ko shigowar sabuwar shekara Misirawa su ce kulli sana wa inta ɗayyib, a ce wa inta ɗayyib. A Larabcin littafi kullu amin wa antum bikhair, a ce wa antum bikhair. Jazakallahu khairan tana da wa iyyak. Wanda aka ce wa taƙabbalallah bayan salla ya ce minna wa minkum. A masallatan Masar akwai wata gajeriya mai daɗi: an sallame, na kusa da kai ya miƙo hannu ya ce haraman, wato Allah ya sa ka yi irinta a Harami, ka ce jam'an, mu duka, ko gam'an a furucin Alƙahira. Ango kuma da aka taya murna yakan waiwayi gwauron abokinsa ya ce uƙbalak, saura kai.

Wurin da kuskure ya fi ciwo shi ne zaman makoki, domin a can ba a son dogon zance, kalmomin da aka sani su ne suke ɗauke wa kowa nauyi. Mai ta'aziyya ya riƙe hannun ɗan mamaci ya ce azzamallahu ajrakum, Allah ya girmama ladanku, a amsa da shakarallahu sa'ayakum, Allah ya saka muku tattakin da kuka yi. A Masar ana jin al-baƙiyya fi hayatak, amsarta hayatak al-baƙiya.

Daga ƙasa zuwa ƙasa

Tambayar lafiya ita ta fi saurin tona asalin mutum. Bamisire ya ce izzayyak, a ce kwayyis. Mutumin Sham ya ce kifak, a ce mnih. A Bagadaza da Kuwaiti shlonak, a ce zen. 'Yan Iraƙi suna da shaku maku, me ke akwai me babu, a ce maku shi, ba komai. A Maroko la bas tambaya ce kuma amsa ce. A Chadi afe ce take kai da komowa tsakanin masu gaisawa. Kowace daga cikinsu da alhamdu lillah ake rufe ta, saboda haka baƙon da kunnensa bai kama karin harshen ba, in ya gane dai lafiyarsa ake tambaya, ya yi hamdala ya tsira.

A Iraƙi akwai gaisuwar da ba a yin ta sai an zauna. Mutum ya shigo majalisa ya yi sallama, aka amsa masa baki ɗaya, ya sami wuri. Da zarar ya natsu, sai na dama ya dube shi ya ce Allah bil khair, na gaba ya ce, na can ƙurya ya ce. Shi kuma ya ɗan yunƙura kamar zai tashi, ko ya ɗaga hannu zuwa ƙirji, ya mayar wa kowa da Allah bil khair ɗinsa, ɗaya bayan ɗaya. A nan amsar mutum ɗaya ba ta ɗauke wa kowa, kuma amsa ɗaya ba ta isar jama'a. A Sudan kuwa, inda zuriyar Hausawa da Fulani suke zaune a garuruwa irin su Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903, tsofaffin abokai kan fara da dafa kafaɗar juna kafin musafaha, tambaya da amsa suna hawa kan juna, Allah yisallimak da Allah yibarik fik suna ta zagayawa ba mai jiran ɗan'uwansa ya kai aya. Wanda ya saba da gaisuwar dattawan Katsina ba zai ga baƙon abu ba.

Kalma ɗaya kuma tana iya juyewa a hanya. Afiya, wadda daga gare ta Hausa ta sami lafiya, a bakin mutanen Maroko wuta take nufi. Saboda haka ya'ɗikal afiya da ke faranta ran direba a Dimashƙu, a Fas fatan wuta ce. Can sihha ake faɗa: wanda ya yi aski ko wanka ko ya sa sabuwar riga a ce masa bis-sihha, ya ce Allah ya'ɗikas sihha.

Malamai ba su bar waɗannan kalmomi sun wuce ba bincike ba. Masu tsaron lugga suna cewa mubarak ce daidai, mabruk daga durƙuson raƙumi ta fito. Shaihu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya fifita Ramadan mubarak a kan Ramadan karim, bisa hujjar cewa wata ba shi ne mai bayarwa ba. Da yawa sun ƙi al-baƙiyya fi hayatak saboda tana nuna kamar mamaci ya bar ragowar kwana, suka zaɓi al-baƙa'u lillah. Mai koyo yana da 'yancin zaɓar abin da zai fara faɗa. Amma abin da za a faɗa masa ba a hannunsa yake ba, kuma idan maƙwabci ya ce alf mabruk ranar ɗaurin aure, ba lokacin gyaran lugga ba ne. Allah yibarik fik ta dace da mabruk da mubarak duka.

Bahaushe da amin

Me ya sa ɗalibin Hausa yake tuntuɓe a nan, alhali harshensa cike yake da irin wannan tsari? Ba Bahaushen da za a ce wa ina gajiya ya ce na gode. Ya san ba gajiya, ya san ina labari tana tafe da sai alheri, ina aiki da da godiya, yaya jiki da da sauƙi, ko da jikin ya yi tsanani. Yaron goye ma yana jin waɗannan kafin ya iya tafiya.

Bambancin yana wurin addu'a. A Hausa idan aka yi wa mutum addu'a, karɓa yake yi: Allah ya sanya alheri, amin, Allah ya ƙara sauƙi, amin, Allah ya kiyaye hanya, amin summa amin. Har sallama ma Hausawa da yawa da amin suke fara amsa ta, su ce amin, wa alaikumus salam, domin sun ɗauke ta addu'a, kuma addu'ar ce. Larabawa ma suna cewa amin, musamman a bayan doguwar addu'a. Amma a gajerun kalmomin gaisuwa, addu'a da addu'a suke mayarwa. Ɗalibin da aka ce wa ma'as salama sai ya laluba ya rasa gurbin amin, ya kama shukran, ko ya maimaita abin da aka faɗa masa. Ladabinsa na gida yana nan daram. Tufafin da zai sa masa a Larabci ne ba a ba shi ba.

Laifin kuwa na tsarin koyarwa ne. Karatun zaure an gina shi ne don a buɗe littafi, kuma ya yi wannan aiki ƙarni da ƙarni. Littattafan makarantun zamani kuma sukan kawo gaisuwa uku ko huɗu a darasin farko, su wuce zuwa sunayen kayan aji, ba su sake waiwayowa ba. Ga shi kuma malamai da yawa suna ɗaukar duk abin da ba fusha ba, wato Larabcin littafi, a matsayin gurɓataccen harshe da bai cancanci allo ba, alhali Allah yisallimak ba ta da wani aibi sai sauyin wasali. Ƙauyen Larabci na Ngala a Jihar Borno, wanda aka kafa a farkon shekarun 1990 don ɗaliban jami'o'in Nijeriya su zauna cikin harshen, shaida ne cewa hukuma ta daɗe da gane nahawu kaɗai ba ya sa mutum magana.

Abin da takardar nan take roƙo ba mai tsada ba ne. Malamin sarfu da ke koyar da saiwa mai baƙaƙe uku ya kawo mabruk da na'iman da salamtak a matsayin misali, ya sa ɗalibai su gina amsar da kansu. Mai koyar da musanna ya fara da marhabtain, mai koyar da siffar fifiko ya fara da Allahu akram. A jarrabawar baka a daina tambayar ma'anar gaisuwa kawai: malami ya gaisar, ɗalibi ya amsa, a sauya masa jinsi da adadi, a ba shi maki a kan haka. Sassan Larabci na jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa kai da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, a fitar da takarda guda mai gaisuwa ashirin da amsoshinsu, da boko da ajami, a riƙa karanta ta da baki a wurin bita, maza da mata, kafin jirgin farko ya tashi.